Mabuɗin da Ke Aljihun Orval

Garin su Orval Kessick hanya ɗaya gare shi, ita ma ta gindin dutse take ratsawa. Idan hunturu ya kama, dusar ƙanƙara ta taru a kafaɗar dutsen har tana iya zubowa ta binne hanyar, Orval ne ke faɗin a wuce ko kada a wuce. Mabuɗin ƙofar ƙarfen da ke tare hanyar a aljihunsa yake zama. Tun gashinsa na baƙi yake wannan aiki.

Aikin ba shi da hayaniya. Yakan hau gangare da safe, ya haƙa rami har ƙasa, ya dubi yadda dusar ta kwanta, hawa bisa hawa. Sai ya yanki ginshiƙin dusar da zarto, ya ɗora shebur a kai yana bubbugawa, da wuyan hannu, da gwiwar hannu, sannan da kafaɗa. In ginshiƙin ya jure, ya buɗe ƙofa. Matarsa Lurleen takan ce ya fi jin maganar ƙanƙara a kan tata, don ita ƙanƙara ba ta maimaitawa.

A wata shekara sanyi ya riga dusa zuwa, ya bar wani hawa a ƙasa mai warwatsewa kamar sukari. Daga baya dusa mai nauyi ta danne shi. Lokacin Lurleen na kwance a asibitin babban gari, can ƙasan kwari, 'yarsu Tamsin na jinyarta. Lurleen ce da kanta ta kore shi da ta ji hadari na tafe. Ta ce, "Tafi, dutsenka na kira. Ni ba inda za ni."

Ya hau, ya rufe ƙofa. Iska ta hana jirgi mai saukar ungulu tashi, balle a jefa nakiya a zubo da dusar da gangan. Ana cikin haka Tamsin ta bugo waya.

"Baba, likita ya ce ka zo. Yau."

"Hanya a rufe take, 'yata."

"Baba, wa ya rufe ta?"

Eloy Maestas, direban motar share hanya, ya same shi tsaye a bakin ƙofar.

"Kai tsoho, hau mu tafi mana! Kullum kana ƙwanƙwasa wa ƙanƙara kamar za ta ce ka shigo. Ni da kai kawai, ƙiftawar ido mun wuce."

Orval bai yi musu ba. Ya ja shi suka hau zuwa ramin, ya miƙa masa shebur.

"Buga, sarkin gaggawa. A hankali, kamar kana lallashin 'yarka Ines ta yi barci."

Eloy ya taɓa da wuyan hannu. Ginshiƙin ya zame sumul, ya faɗo a kan takalmansu. Suka tsaya suna kallonsa.

"Duk da haka zan kai ka, mutumina," in ji Eloy, amma muryar ta yi ƙasa.

Orval ya dubi can ƙasa, inda motoci suka yi layi a bayan ƙofar, har da motar 'yan makaranta.

"In na buɗe maka, na buɗe musu."

Tamsin ta kara wa mahaifiyarta waya a kunne. Abin da Orval ya faɗa mata, a tsakaninsu ya tsaya. Kafin iska ta lafa, Lurleen ta cika.

Dutsen kuwa bai zubo ba. Dusar ta zauna daram har rana ta yi zafi, ta narke a hankali ta bi rafi. Mutanen garin ba su taɓa ce masa komai a kai ba, sai dai in ya shigo shagon kofi hira takan koma kan tayoyin mota.

Tamsin na kiransa duk Lahadi, su yi maganar yanayi. Har yanzu yana hawa da sheburinsa. Eloy ya ce wani lokaci, ko ginshiƙin ya jure bugun kafaɗa, yakan daɗe a cikin ramin kafin ya sauko ya buɗe ƙofa.