Tatsuniya da Rana Tsaka

A garinmu, can kusa da Urno, ba a yin tatsuniya da rana. Sai an ci tuwo tsohuwa ke buɗe ta da ga ta nan ga ta nanku, kowa kuma ya san shiri ne. Abin da babba ya zauna ya faɗa ido na ganin ido, wannan labari ne, ya faru. Da wannan sani aka kai ni lakwal, makarantar boko, a shekarun yaƙin Turawa, lokacin da dogaran kumandan, Baturen mulki, ke bin garuruwa suna kwasar gero da yara.

Malaminmu mutumin bakin teku ne, Mushe muke ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci. Ran Asabar da hantsi yakan ajiye lissafi ya ba mu tarihin wata ƙasa mai nisa, Japan, da mayaƙanta samurai, masu takobi biyu a ƙugu, waɗanda ba sa ciniki, shinkafar rumbun ubangidansu ke ciyar da su. Labarin mutum guda cikinsu ya riƙa bi da mu. An ci ubangidan mutumin da yaƙi, sabuwar sarauta ta hana ɗaukar takobi, ya koma noma da tsufansa, yara na yi masa dariya don bai iya riƙe fartanya ba. Ni ba na magana a aji. Ina can benci na baya ina haddacewa, har launin ɗamararsa.

Da aka ba mu hutu bayan girbi na tarar da kakana a inuwar rumbu yana tufkar igiya. An ce da ƙuruciyarsa ya ɗauki mashi da garkuwa a bayan wani sarki na Adar, kafin zuwan Nasara. An ce ne kawai. Shi bai taɓa buɗe baki a kai ba.

"Ɓarawon matata, ka komo?" in ji shi. "Mi sunka koya maka, ban da cin tuwo da ƙarhe?"

Na ba shi labarin mutumin Japan tun daga farko. Ina tsakiya ya daina tufka.

"Tsaya. Wagga tatsuniya ta ko labari na?"

"Labari na, Kaka. Da hantsi Mushe ya hwaɗe shi, gaban kowa."

"Da anka amshe takobin, hannunai na dama mi ya riƙa yi?"

Na ce Mushe bai faɗa ba.

"Ni na sani," in ji shi. "Lalube yaka yi."

Daga ranar ya fara. Kowace la'asar sai ya kira ni in riƙe masa bakin igiya, yana ba ni nasa kaɗan-kaɗan: yadda ake gyaran garkuwa, yadda doki ke jin tsoron duwatsun wajen Buza, da abokinsa mai waƙa ko ana harbi. Ya kawo ni har safiyar da aka ji ƙarar bindigogin Nasara, ubangidansu ya tara su zai yi magana. Sai hutu ya ƙare.

"Saura sai ka komo," ya ce. Ya ba ni goro a ganye. "Kai ma Mushenku. Ka tambayo mani, mutumin nan ya bar ɗiya? Ina anka bizne shi? Ina sa shi cikin addu'a, ko ba Musulmi ba ne. Ya ga abin da nig gani."

Ran Asabar na ɗaga hannu, karo na farko tun zuwana. Na ajiye goron a teburin Mushe, na yi tambayar kakana da Faransancina mai rawa. Ya dube ni, sai ya fashe da dariya har yana dafa allo.

"Yaro, ai ni na ƙera shi! Samurai gaskiya ne, hana takobi gaskiya ne. Shi kam babu shi. Na yi shi ne don darasi ya zauna muku."

Wani ɗan Madawa ya ce, "Kakan shiru-shiru na neman kabarin iska!" Aji ya ɗauka. Mushe ya ɓare goro guda ya jefa a baki, ya ce mu buɗe shafi na gaba.

Ba mugu ba ne, na sani. A wurinsu haka ake koyarwa. Amma ya zauna a ƙasarmu shekaru yana shan furarmu, bai taɓa tambayar yadda muke raba magana ba. Kalma guda a farkon darasin da ta isa.

Da na koma gida na tarar kakana ya riga ya ba tsofaffin ƙofar masallaci labarin ɗan'uwansa na Japan. Tun ban ajiye kaya ba ya tambaye ni. Na faɗa masa abin da Mushe ya ce, daidai yadda ya ce shi.

"Da rana?"

"Da rana, Kaka."

"Babban mutum, mai albashi?"

"I."

Ya ci gaba da tufka. Na miƙa hannu in riƙe bakin igiyar, ya taka ta da ƙafa.

"Kaka, saura labarin safiyar nan."

"Wace sahiya? In na ba ka, ka kai masu, su ƙara gishiri, ɗiyan wasu su yi dariya. Tashi ka ba jaki ruwa."

Na roƙe shi a hutun nan, na roƙe shi a na gaba. Wasan da yake yi mini ma ya daina. Ya rasu ana shuka. Bayan sadakar bakwai na tambayi mahaifina abin da ubangidan ya faɗa musu a safiyar, da kuma ko kakana da hannunsa ya miƙa mashin ko ƙwacewa aka yi.

"Ni za ka tambaya?" in ji shi. "Kai ɗai ya taɓa soma ma."