Nonon da Ya Dawo a Makare

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ni malamar firamare ce a Kafanchan, shekaruna ashirin da biyu, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ni ce mace ta farko a gidanmu da ta gama kwalejin horon malamai. Mijina akawu ne a tashar jirgin ƙasa, muna zaune a kwatas ɗin reluwe, ga risho ga rediyo. In na sa siket da takalmi mai tsini na ratsa kasuwa, ko'ina sai ka ji ana sannu Malama. Wannan kiran ya hau mini kai. A cikin wannan hali na haifi ɗana na fari, namiji, a farkon damina.

Surukata ta zo daga ƙauyensu a gindin dutsen Kagoro don ta kula da ni, da ƙunshin acca da gyaɗa a ka. Mama nake ce mata, ina durƙusa mata, amma Allah ya sani a zuciyata kallon 'yar ƙauye nake yi mata. Hausarta ma ba ta nuna ba, mace da namiji duk shi take cewa, ni kuwa in juya baya in yi dariya. Ba ni da wani uzuri, gara in faɗa tun yanzu. Allah ya ba ni nono har yana zuba, yaron ya kama tun ranar farko, kumatunsa suka cika. Abin da ya juya mini tunani ranar da muka kai shi coci don godiya ya faru. Yana fara kuka na koma bencin baya cikin matan ƙauye na buɗe riga, sai na hango matar wani babban ma'aikaci a gaba ta zaro fida daga jaka ta sa wa 'yarta a baki, ko maɓalli ɗaya ba ta ɓalle ba. Kunya ta rufe ni kamar an kama ni da sata. Washegari na sayo fida da madarar gwangwani mai hoton wani jariri ɓul-ɓul.

Na zauna na karanta wa Mama Turancin da ke jikin gwangwanin da ƙarfi, don dai ta san na iya. Ta karɓi fidar ta sunsuna bakin, ta ce wannan nonon roba ne, kuma wanda Allah ya sa mini a ƙirji ba ya bukatar wanki ko tafasawa. Na ce mata zamani ya canja, kuma hutuna ya kusa ƙarewa. Ta ce makarantar ai ga ta nan a bayan layin dogo, za ta riƙa goyo shi ta kawo mini lokacin tashin tara ya sha. Na ƙi. Ina ni ina buɗe ƙirji a makaranta, 'yan ajina suna leƙe? Mijina ya ce a bar Malama, ita ta yi karatu. Daga nan na yi abin da har gobe ba na yafe wa kaina. Na samo ɗankwali na ɗaure ƙirjina tamau don nonon ya ƙafe. Na kwana biyar ina zazzaɓi, nonon ya yi tauri kamar dutse, na cije. Ranar da Mama ta ga ɗaurin na fito daga wanka, zama ta yi daɓas a ƙasa, ta tambaye ni laifin me yaron ya yi mini. Ta ce ba za ta koma gida ba, amma ba don ni ba, don jikanta.

Da damina ta yi nisa, ruwa ya lalata hanya, kaya suka daina zuwa, madarar ta ɓace daga kantunan garin. Rabin gwangwani ya rage mini. Sai na fara rage cokali, inda ya kamata in sa huɗu in sa biyu, in cika da ruwa. Famfo ya ɗauke, muka koma rijiya, ruwan ya yi ja. Da safe ina saurin makaranta, wani lokaci ɗauraye fidar kawai nake yi, in dama ta wuni guda in bar wa Mama. Ita ba ta iya karatu ba, yadda na ce haka take yi. Yaron ya fara gudawa da amai. Na ce haƙori ne. Mama ta ce wane irin haƙori a wata uku, mu tafi asibiti. Na yi kunnen uwar shegu har kwana uku, don kada ta ce ai ta faɗa. Ranar da na dawo daga makaranta na tarar maɗigarsa ta loɓa, yana kuka babu hawaye, na saɓa shi muka fita a guje.

A asibiti aka sa masa ƙarin ruwa. Nas ɗin ta ce in ajiye fidar nan, in ba shi nono yanzu-yanzu, shi ne abin da cikinsa zai riƙe. Na buɗe riga na matsa, ko ɗigo babu. Ta tambaye ni ko dama nonon bai zo ba ne. Mama ce ta amsa da Hausarta da nake wa dariya, ta ce ciwo ne ya kama ni bayan haihuwa ya busar da shi. Matar da ban taɓa jin ta yi ƙarya ba ta yi ta ranar don ta rufa mini asiri. Daga nan ta duƙufa. Kunun gyaɗa, kunun kanwa, faten acca, tana ɗura mini, tana gasa mini ƙirji da ruwan zafi, tana cewa in dai ya ci gaba da tsotsa zai dawo. Ina sa shi, ya ja sau biyu ko uku, ya saki, ya zuba mini ido. Wayyo, wannan kallon. A rana ta biyar da la'asar ya cika, bakinsa yana kan nonona.

A ƙauyen su Mama muka binne shi. Kwana biyu bayan haka matan zumunta na coci suka zo gaisuwa, suna zaune a tsakar gida suna waƙar ta'aziyya, sai na ji ƙirjina yana tsatsa. Na duba, gaban rigata ya jiƙe sharkaf. Nonon ya dawo, yana zuba har kan cinyata, babu mai sha. Na kurma ihu har waƙar ta tsaya. Mama ta kwance mayafinta ta rufe ni, ta rungume ni muka yi ta kuka. Har ta koma ga Ubangiji ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma ba ta gaya wa kowa maganar ɗankwalin ba. Yau ni nake faɗa da bakina.

Allah ya ba ni wasu 'ya'yan bayansa, kowanne ya sha nono har ya gaji, a bencin gaba na coci, a ofishin malamai, a cikin jirgi. Na gane karatun da na yi bai kai in raina tsohuwar da ta raini yara kafin a haife ni ba. Ba da matan da nono ya ƙi zo musu nake ba, su je asibiti a nuna musu yadda za su yi, Allah ya raya musu. Da ke nake, ƙanwata, da Allah ya ba ki kike jin kunyar idon mutane. Mutanen da na ji kunyarsu ko sunan yaron ba su riƙe ba. In jaririnki ya fara gudawa kada ki jira gobe, kuma kada ki bari kwalliya ko aiki su sa ki busar da abincinsa. Ɗana bai mutu don na rasa abin ba shi ba. Abin yana jikina, ni na ɗaure shi da hannuna.