Baba Audi Mai Jita, Mai Kallon Bango

Kullum bayan la'asar, idan Baba Audi ya rufe rumfarsa ta gyaran keke a Faskari, sai ya rataya tsohuwar jitarsa ya nufi makarantar da aka sauke 'yan gudun hijira. Ba ya shiga aji. Yakan ajiye kujerarsa a gindin katanga, ya juya wa jama'a baya, ya fuskanci bango, ya fara kaɗawa. Ba waƙa, ba kirari, ba ganga. Sauti ne mai laushi, a hankali, kamar ɗigar indararo bayan ruwa ya ɗauke.

Shekara shida ke nan yana haka, ba wanda ya sa shi. Da fari an ce girman kai ne, wasu suka ce taɓin hankali. Lawwali mai shayi har tsokanarsa yake, wai bango ne kaɗai ke da haƙurin jin kiɗan da ba a rawa da shi. Sai bara, da Inna Saudatu ta iso bayan an kashe mijinta a gona can bayan Ruwan Godiya, ta aika a tambaye shi dalili. Ya ce a faɗa mata, mai takaba ba ta so a ga tana sauraron kiɗa, dattijo kuma ba ya so a ga hawayensa.

"In ban ga kowa ba, ai ba wanda ya zo," in ji shi.

Jikarta Najiba, 'yar shekara biyar, tun ranar da 'yan bindiga suka shiga ƙauyensu da ta ji ƙarar babur ko kalangu sai ta shige ƙarƙashin benci, ba ta magana, ba ta cin abinci. Amma da jitar ta fara sai ta leƙo. Daidai lokacin Inna ke tura mata tuwo a baki, loma ɗaya ɗaya.

Kai ne, Baba, da tsirkiya ta tsinke ka warware wayar birkin keke ka ɗaura, ba ka fasa zuwa ba. Kai ne ka rarrashi mutane ba tare da ka kunyata su ba.

Yanzu sanyin ƙashi ya murɗe masa yatsu. Ranar Juma'ar da ta wuce ya tsaya a tsakiyar kiɗa, ya sake gwadawa, ya kasa. Karon farko ya waiwayo. Mutane sun fi ɗari, har da Lawwali. Ya miƙo jitar da hannu biyu.

"Wa zai amsa? Zan koya mashi, ko da baki ne."

Kowa ya sunkuyar da kai. Daga baya samari suka riƙa cewa ɗan gidan mutunci ba ya kiɗa, me surukai za su ce. Inna Saudatu ce kawai ta yi magana.

"Malam, to ɗiyar nan fa, da mi zan ba ta abinci gobe?"

Ya rataya jitarsa ya tafi. Ni ma ina wurin. Hannuna ya motsa, na mayar da shi cikin hijabi.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da abin da muka kasa yi maka. Jitar tana rataye a rumfarsa tsakanin tsoffin tayoyi, Najiba kuwa ta koma ƙarƙashin benci, kwana huɗu ke nan sai ɗura. Don Allah wani ya je. Ba sai ka iya ba, zai koya maka. Bangon ma yana nan, ba mai ganin fuskarka.