Yadda Sakiusa Ya Riga Ni Samun Aiki

Sakiusa ɗan tsibirin Kadavu ne, ni kuwa ɗan lardin Nadroga, mutanenmu da nasu taubasan juna ne, don haka tun ranar da muka haɗu a jami'a a Suva, babban birnin ƙasarmu, muka kama wasan taubasai. Ya zo da jaka ɗaya da buhun gwaza, ga tarbiyyar ƙauye: in babba na magana, kansa a ƙasa. Ranar da aka fara sa shi yin bayani a gaban aji, ko 'yan layin gaba ba su ji shi ba.

"Taubashi, da takalminka kake hira ne?" na tambaye shi da muka fito.

"Ai ya fi ka iya saurare," in ji shi, amma idonsa ya kaɗa.

Harkar sufuri muke karanta, kuma ni nake ɗaukar na ɗaya. Shi a tsakiya yake, ban taɓa kallonsa a matsayin abokin gasa ba.

A shekara ta biyu ya fara zuwa rumfar gwaggonsa Vasemaca a kasuwa duk Asabar. Ita ba ta da wasa. In ya sunkuya sai ta buga tebur: "Ɗago kai, ɗan nan! Wa zai sayi gwaza a hannun mai kama da ɓarawo?" A nan ya koyi kallon mutum, ya koyi lallashin wanda ya zo da faɗa. Daga baya ya karɓi muƙamin sakataren ƙungiyar ɗaliban Kadavu, aikin da kowa ke gudu. Shi ne rabon faɗa, shi ne bin mutane su zo taro. Ni ina laburare ina yi masa dariya.

Dab da kammalawarmu wani kamfanin jiragen ruwa ya zo neman mutum ɗaya. Suka zaunar da mu shida, suka ce a ce jirgi ya lalace, fasinja ɗari biyu sun cika tasha, me za mu yi? Na karɓe maganar, na zuba lissafi, ban bar wa kowa fili ba. Sakiusa ya jira har na ja numfashi, sannan ya juya ga wata Losalini da tun ɗazu take son magana.

"Ke da yake babanki na aikin jirgi, ya suke yi?"

Ta ce a fara da tsofaffi da masu goyo. Ya haɗa nata da nawa, ya faɗa cikin jimla uku.

Shi suka ɗauka.

Na je shan yaqona, abin shanmu na gargajiya, da danginsa suka haɗa masa don murna, na tafa, na yi murmushi har kumatuna suka gaji. A zuci kuwa ina ta jera makina kusa da nasa. Ko sabon sulu, zanen maza, da ya ɗaura haushi ya ba ni.

"Ilisoni, ka zo mu riƙa gwada intabiyu," in ji shi. "Kanka na ja, matsalarka ba ka bari mutum ya kai aya."

"Yau kuma ɗan Kadavu ne zai koya mini magana?"

"A'a, shiru zan koya maka."

Wata biyar na yi ban je ba. Sai da aka ƙi ni a wuri uku na neme shi, muka zauna sau huɗu. Yanzu ina aiki a wani sito a garin Lami. Shi an ba shi tashar jirgin ruwa ta Vunisea, kusa da gidansu. In na ga hotonsa da farar riga ina tura masa gaisuwa, amma ba a ranar da na ga hoton ba, sai na huce.