Takunkumin Shadda a Kasuwar Raguna

Cikin shekarun da na yi a kan keken ɗinki, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda Malama Hajara ta yi sallama a shagona a Daura, shekarar Korona, Babbar Sallah ta gabato. Ita jami'ar duba-gari ce, cikin ma'aikatan da ke kula da tsaftar kasuwanni. Ni kuma a lokacin ni ne shugaban telolin unguwarmu.

Ta ce an kafa wa wata kasuwar dabbobi ta wajen Sandamu sharaɗi: ko kowa ya rufe baki da hanci ranar kasuwa mai zuwa, ko a kulle ta. Ga mutane sun yi wata da watanni suna kiwon raguna don wannan lokacin. Takunkumin asibiti ya yi wuyar samu, sai dai na yadi.

Na tara teloli, maza a shaguna, mata a gidajensu. Ta nuna mana ƙa'ida: yadin auduga ninki biyu, a tattare shi yadda zai sauka har haɓa, a wanke da sabulu, a goge. Roba ta ƙare a gari, sai muka riƙa yanka ƙyalle muna yin igiyar da ake ɗaurewa ta ƙeya. Da yadin da muka saya da ragowar da ke shagunanmu, muka cika buhuna.

Da muka kai wa Sarkin Kasuwa, Alhaji Ilu, farare muka fara nuna masa. Ya ɗaga ɗaya da yatsu biyu, ya mayar.

"Malam Sani, takunkumi ai jaki ake sa wa, ko raƙumi mai cizo. Mutanena ba za su ɗaura ba."

Hankalin Malama Hajara ya tashi, domin babban jami'in ofishinsu da kansa zai zo dubawa. Ni kuwa rigar Alhaji nake kallo, shuɗiyar shadda mai aikin zare a wuya. Na koma shago na nemo ragowar shadda irinta, na sa mata auduga daga ciki, na yi ɗan aiki a gefe.

Ranar kasuwa da safe na miƙa masa, na ce, "Ranka ya daɗe, wannan cikon kayanka ne."

Ya jujjuya shi, ya ɗaura, ya leƙa madubin wani babur. Ya daɗe yana kallo. Sai ya gyara hula, ya ratsa tsakiyar dabbobi yana gaisawa da jama'a.

Kafin ya kai ƙarshen kasuwa an yi mana dafifi. Dillalai na neman mai kama da rigarsu, samarin Fulani na zaɓen ja da ɗorawa, masu fura na gwada atamfa da zanensu. Har fararen ma suka ƙare, sai da muka aika babur Daura a ƙaro.

Babban jami'in ya iso, ya zagaya, ya ce a ci gaba da ciniki. Ranar motoci suka fita maƙare da raguna, Malama Hajara na tsaye a bakin hanya tana goge ƙwalla.

Abin da nake gaya muku ke nan, ku masu tasowa: idan mutum ya tsaya gabanku, ku auna mutuncinsa tare da kafaɗarsa. Abin da zai sa ya ji shi wani ne, ba sai an roƙe shi ya sa ba.