Ranar da surukata ta riga kada

Shekarun baya can, tun Turawa na mulki, aka kai ni aure Kalgo daga Gwandu. Ni da na tashi a tudu, ruwan da na sani bai wuce na rijiya ba, sai ga ni cikin mutanen fadama.

Wata shekara da kaka ta yi, na bi Inna surukata yankan shinkafa da ɗana na fari, ko zama bai fara ba. Lokacin ne baƙin agwagin ruwa ke sauka daga arewa, su rufe tafki har ba a ganin ruwan. Na shimfiɗa wa yaron tabarma a inuwar giyayya, na ba shi baya. A zamaninmu ɗan fari ko kallonsa ba ka yi gaban surukai, balle ka kira sunansa.

Muna cikin yanka sai agwagin gefenmu suka tashi fir gaba ɗaya. Ni kam baki na saki ina kallon sama, wai sha'awa. Inna kuwa ruwan ta duba.

"Kada!" ta ce.

Na waiwaya. Ƙaton kada ya riga ya fito daga ruwa, yana jan ciki wajen tabarmar. Ƙafafuna suka ƙi motsi, lauje na hannuna, sunan yaron kawai nake kwarmatawa. Tsohuwar nan da kullum sai an kama ta take tashi daga tabarma, ita ta sheƙa cikin taɓo da damin shinkafa a hannu. Ta wurga wa kadan damin a baki, ta fizgo yaron ta ƙafa ɗaya. Kafin masuntan da ke bakin tafkin su iso, kadan ya koma ruwa da rabin tabarmar.

Ta zauna cikin laka tana haki, gwiwarta na jini. Na tsaya nesa, na sunkuyar da kai.

"Ɗiyata, zo ki amshi ɗanki."

"Inna, ai yana hannunki."

"Na ce amshi. Rungume shi da kyau, yau ba ranar kunya ba ce."

Na rungume shi a gabanta, na yi kuka har na gode Allah.

Gwiwar nan ba ta sake miƙewa daidai ba, da sanda Inna ta ƙarasa rayuwarta, kuma ko sau ɗaya ba ta tayar da zancen ba. Yaron yau ya yi furfura, jikokinsa ke ɗauko masa buta. Ni kuwa har yanzu ba na tashi daga sallaya sai na roƙa wa tsohuwar nan Aljanna.