Damin da Saje Lawal ya mayar

Damina bakwai ke nan da aka aiko mana cewa ƙanena, Saje Lawal, ya rasu a bakin aiki. Ko gawarsa ba mu gani ba, can aka rufe shi.

Soja ba shi da gari. Kafin iyalinsa su san hanyar kasuwa an sake yi masa canji. Abokan aikinsa kan sayi fili duk inda aka kai su, shi kuwa ya ƙi, wai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ya sayi gona a bakin hanyar Rimaye, da niyyar in ya ajiye kaki ya gina rabi, ya noma rabi. Cinikin baka ne, gaban shaidu biyu.

Don kada ta zauna ba noma ta zama saura, ya ba maƙwabcin gonar, Malam Iro, aro. Al'adarmu ce mai aron gona ya kai wa mai ita dami guda bayan girbi, ba don hatsin ba, don gari ya san mai gona. Kakar farko Iro ya kawo, Lawal ya zo hutu, ya sa aka mayar. Na yi masa faɗa, ya yi dariya.

"Yaya, ina zan kai dami, bariki? Ya ci da iyalinshi."

Haka yake, ga kunya ga taurin kai. Har yau in na tuna dariyar nan raina ɓaci yake.

Iro ya rasu, shaidun ma sun kwanta dama. 'Ya'yan Iro sun tashi ba su taɓa ganin dami ya fita daga gidansu ba, suka ce gonar ta ubansu ce. Da muka je gaban mai unguwa da Hajara, matar Lawal, tambaya ɗaya aka yi wa dattawa: wa ya taɓa ganin Lawal ya karɓi dami? Babu. Abin da ke cin raina shi ne babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Bara aka yanka gonar fuloti-fuloti. Hajara da yara huɗu suna ɗakin haya a Kankia, kuma an ce su tashi kafin kaka. Da Lawal zai ga haka, ban sani ba ko zai yi nadama. Ina tsoron ba zai yi ba.

A Rimaye har gobe in an ambace shi cewa ake mutumin kirki ne, bai taɓa karɓar ko zangarniya daga hannun kowa ba. Gaskiya ne. Da wannan magana ake yabonsa, da ita kuma aka raba 'ya'yansa da gonar ubansu. Allah ya jiƙan Lawal.